Ina Kashi Na Gaba? Amsoshin Tambayoyinku Kan Gem ɗin Da Aka Gaji Da Jira

Kusan duk saƙonnin da suka shigo wannan fili a watan nan a kan abu ɗaya suke: an buga gem an ƙare, labari ya tsaya a tsakiya, an zauna jiran ci gabansa shekara da shekaru, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Mun zaɓi guda shida, mun kuma taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu. Kullum yara sai sun tambaye ni Shaolin Monks na biyu, da God Hand na biyu, da sabon Def Jam. Wani mai tura gem a kasuwa ya ce yana da su duka a filas. Da gaske sun fito? Daga mai gidan gem, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya taɓa fitowa, kuma kowanne da abin da ya kashe shi daban.

Mortal Kombat: Shaolin Monks ya fito a 2005 a ƙarƙashin kamfanin Midway na Amurka. An fara aikin na gaba, har an raɗa masa suna Fire & Ice, inda Scorpion da Sub-Zero za su maye gurbin Liu Kang da Kung Lao, amma aka soke shi tun aikin bai yi nisa ba. A Fabrairun 2009 Midway ya karye, Warner Bros. ya sayi mafi yawan kadarorinsa har da Mortal Kombat a kan kusan dala miliyan 33. Ma'aikatan Chicago da Ed Boon ke jagoranta suka koma NetherRealm, suka duƙufa kan faɗan mutum biyu gaba da gaba: Mortal Kombat na 2011, da X a 2015, da 11 a 2019, da Mortal Kombat 1 a 2023, ga Injustice guda biyu a tsakani. Mai kayan yana nan da ransa, hannunsa ne ba ya hutawa.

God Hand kuwa situdiyon Clover ne ya yi shi wa Capcom a 2006, Shinji Mikami ya jagoranci aikin. Bai yi kasuwa ba, kuma a shekarar Capcom ya sanar da rufe Clover. Manyan ma'aikatan suka watse, da yawansu suka haɗu daga baya a PlatinumGames. Suna ya zauna a wajen Capcom, gwanintar kuma ta bi masu ita. A nan akwai gaskiya mai ɗaci: duk cikar da gidajen gem namu suka yi saboda God Hand, kusan duka a kan kwafin faifan kasuwa aka buga shi, ko sisi bai shiga littafin Capcom ba. A idon mai lissafin kamfanin, waɗannan masoyan ba su wanzu ba.

Na Def Jam ya fi duka sarƙewa. EA ya fitar da Vendetta a 2003 da Fight for NY a 2004 tare da kamfanin AKI na Japan, wanda shi ya gina tsarin kokawar da kowa ke so. Na uku, Icon, ya fito a 2007 daga EA Chicago da wani salon faɗa daban, mutane ba su karɓe shi ba, aka rufe situdiyon a ƙarshen shekarar. Don a yi sabo, sai an zauna da mai sunan Def Jam, wato Universal Music, an zauna da kowane mawaƙi da za a sa fuskarsa da muryarsa, sannan kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya rubuta ta da na wanda ya mallaki naɗaɗɗen sautin. Irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da wa'adi, suna kuma fayyace na'urar da aka yarda a fitar a kai. Shi ya sa ko tsohon Fight for NY ɗin ba za ka same shi a kantin PlayStation na intanet ba.

Abin da ke cikin filas ɗin mutuminka tsohon gem ne da aka sauya wa hoton farko da kalar kayan 'yan wasa. Ka ce ya kunna maka a gabanka ka buga matakin farko. Cikin minti biyar za ka gane hanyar da ka saba bi ce.

Tambaya: Na fahimci kamfanin da ya karye ba zai yi gem ba. To amma Valve fa? Kuɗi gare su kamar ƙasa, me ya hana su yin Half-Life 3? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin ma yana cikin dalilan. Bari mu jera tarihin tukuna. Half-Life na kamfanin Valve ya fito a 1998, na biyu a Nuwamban 2004. Daga nan Valve ya ce ba zai sake ɗaukar shekara shida yana gina gem ɗaya ba, zai riƙa sakin labarin gunduwa-gunduwa har kashi uku. Episode One ya fito a 2006, Episode Two a Oktoban 2007, ya kuma ƙare a wuri mafi muni da za a bar mutum: an kashe Eli Vance a gaban 'yarsa Alyx, allo ya yi baƙi. Wanda ya saba da fina-finan Hausa na zamanin kaset ya san wannan takaicin, a rubuta "mu haɗu a kashi na uku" sannan furodusa ya kama wata harka.

Harkar da Valve ya kama ita ce Steam, kantin sayar da gem na kwamfuta da ya buɗe a 2003. A ƙa'ida Steam yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane gem da wani ya sayar a cikinsa, kason yana raguwa ne kawai ga waɗanda cinikinsu ya haura dala miliyan 10. Ga Counter-Strike da Dota 2 suna kawo kuɗi kullum ta sayar da kayan ado na cikin gem. Sannan Valve ba ya kasuwar hannun jari, babu masu zuba jari da za su tsaya a kan shugabansa Gabe Newell su ce lallai sai an fitar da kaza kafin ƙarshen shekara. Yunwar da ke tilasta wa sauran kamfanoni su ƙarasa aiki, shi ba ya jin ta.

Akwai kuma tsarin aikin gidan. An san Valve da barin ma'aikata su zaɓi aikin da za su shiga, har teburansu ma masu taya ne don mutum ya tura nasa ya koma wata ƙungiya. Gem mai dogon labari yana buƙatar ɗimbin mutane su dage shekaru a kan abu ɗaya, idan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya aikin ya mutu ba tare da kowa ya soke shi ba. A bidiyon da kamfanin ya saki a Nuwamban 2024 don cikar Half-Life 2 shekara 20, sun nuna guntayen Episode Three, a yankin ƙanƙara, da wata bindiga mai fesa ƙanƙara. Sun bayyana cewa an janye masu aikin zuwa ƙarasa Left 4 Dead, wanda ya fito a 2008, kuma ba a koma an ɗora ba. Newell kansa ya nuna cewa ya rasa sabon abin da kashi na ukun zai kawo wa fasahar gem, shi kuwa ba ya son fitar da shi don a rufe labari kawai. Babban marubucin labarin, Marc Laidlaw, ya bar kamfanin a 2016.

Half-Life: Alyx ya fito a Maris na 2020, amma sai da tabaran da ake ɗaurawa a fuska ake buga shi, kuma labarinsa kafin na biyu ya faru, ko da yake ƙarshensa ya taɓa wancan wurin da aka tsaya. A ganinmu hujjar Newell ba ta gamsar ba. Wanda ya sayar wa mutane kashi biyu bisa alkawarin uku, bashi ne a kansa. Duk jita-jitar da za ka gani, in ba daga bakin Valve ta fito ba, ka bar ta a matsayin jita-jita.

Tambaya: Gem ya sayar da miliyoyin kwafi amma a ce wai bai yi nasara ba, a hana shi ci gaba. Wane irin lissafi ne wannan? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Ɗauko biro mu yi shi tare. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 wajen gina The Last of Us Part II, da miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West, wanda ya ci shekara biyar da ma'aikata kusan 300. Kuɗin talla ba ya ciki.

To a misali, ɗauki kamfanin da ba shi da kantin kansa. Ya kashe miliyan 200 a gini, miliyan 100 a talla, jimla 300. Yana sayar da kwafi a dala 70, kanti ya cire kashi 30 cikin ɗari, saura 49. Raba miliyan 300 da 49, za ka samu kwafi miliyan shida da ɗoriya kafin uwar kuɗi ta dawo. Kuma wannan in kowa ya saya a cikakken farashi ke nan, alhali da yawa sai an karya farashi rabi suke saye. Ko a 2013, lokacin da gini bai kai tsadar yau ba, Square Enix ya bayyana cewa Tomb Raider da ya sayar da kwafi miliyan 3.4 da Sleeping Dogs mai miliyan 1.75 ba su kai abin da ya yi hasashe ba. Sleeping Dogs bai samu na biyu ba, United Front Games da suka gina shi suka rufe a 2016.

Amma akwai lissafi na biyu da ya fi wannan kisa, kuma shi ne mutane ba sa gani. Kamfani ba ya tambayar ko gem ɗin zai ci riba kawai. Yana tambayar: waɗannan ma'aikatan, in na sa su wani aikin, nawa za su kawo? Bully na Rockstar ya fito a 2006 kuma ya samu karɓuwa. Rahotannin tsofaffin ma'aikata sun nuna reshen kamfanin na New England ya yi nisa a kan na biyu, sai aka riƙa kwashe mutane zuwa Red Dead Redemption da Max Payne 3. GTA V da ya fito a 2013 ya sayar da kwafi sama da miliyan 200. Wane manaja ne zai cire ƙwararre daga GTA ya mai da shi Bully?

Haka ta faru da Titanfall. Na biyun ya fito ranar 28 ga Oktoban 2016, mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin sabon Call of Duty, manya biyu suka matse shi duk da yabon da ya sha. Respawn, situdiyon da ya gina shi, ya fara aikin na gaba, aikin ya rikiɗe ya zama Apex Legends, wanda aka saki kyauta a Fabrairun 2019 ya kuma yi ta kawo kuɗi. Ɗan da aka haifa a cikin gidan shi ya cinye gadon.

Tambaya: Ƙanena ya cika wayata da wani abu wai PES 2025 na PPSSPP, yanzu kuma yana neman data zai sauke FIFA 24 da GTA 6. Akwai manhajar banki a wayar. In bar shi? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya, don abubuwa biyu ne a nan, ɗaya da sauƙi, ɗaya da haɗari.

Da farko, babu gem na EA mai suna FIFA 24. Kamfanin da hukumar FIFA sun raba gari bayan kusan shekara 30, FIFA 23 shi ne na ƙarshe, daga 2023 sunan ya koma EA Sports FC. Lasisin ƙungiyoyi da 'yan wasa yana hannun EA har yanzu, suna ne kawai ya sauya. PES ma ya tsaya a 2021, Konami ya mai da shi eFootball a watan Satumban shekarar, ya sauya injin da ake gina shi a kai, ya kuma fito da shi babu Master League, wato sashen da kake jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka. A kan PSP da PS2 kuwa, PES 2014 da FIFA 14 su ne na ƙarshe. A PS3, PES 2018 da FIFA 19.

Saboda haka abin da ƙaninki yake bugawa tsohon PES ne na PSP da masoya suka yi wa kwaskwarima, ana buga shi a waya ta PPSSPP, manhajar da ke kwaikwayon na'urar PSP. Yawanci kashi uku ne: fayil ɗin gem ɗin mai ƙarewa da ISO ko CSO, da folda ta SAVEDATA mai ɗauke da sababbin sunaye da sauyin ƙungiya, da folda ta TEXTURES mai ɗauke da riguna da fuskoki. Idan ya ga sunaye sababbi amma riguna tsofaffi, to TEXTURES ba ta shiga cikin foldar PSP ba, ko lambar foldar ba ta dace da ta gem ɗin ba, ko bai kunna sauya hotuna a saitin PPSSPP ba. Ita PPSSPP kanta manhaja ce ta gaske, tana Play Store. Fayil ɗin ISO ba ya girka kansa a waya, shi ya sa haɗarinsa bai kai na ɗayan ba.

Haɗarin yana ga duk abin da ya zo a matsayin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a Android, daga wani shafi da sunan GTA 6 ko GTA 5. Rockstar bai taɓa fitar da GTA V a Android ba, balle na shida. Waɗanda ya fitar sun haɗa da GTA III, Vice City, San Andreas da Bully, kuma a ƙarƙashin sunansa suke a Play Store. GTA V a kwamfuta ya haura gigabait 60, don haka fayil mai megabait 40 ko 300 ba shi ba ne. Ga yadda damfarar ke tafiya: za a nuna bidiyon buɗe gem na gaske, sai ya tsaya ya ce sai an tantance, a sauke wasu manhajoji biyu ko a sa lambar waya. Sa lambar kan jefa layi cikin wani rajista mai cire kati kullum. Mafi muni shi ne wanda zai nemi izinin karanta saƙonni, ko izinin da aka tanada don taimaka wa masu lalurar gani, domin da su ne ake karanta lambar sirrin da banki ke turowa.

Ki shiga saitin wayar, ki duba jerin manhajoji, ki goge duk wadda ba ki san ta ba. Ki duba waɗanda aka ba izinin saƙonni da na kula da na'ura, ki janye. Ki kashe izinin girka manhaja daga waje a burauza da manhajar fayil, ki bar Play Protect a kunne. In an riga an girka irin wannan APK, ki sauya lambar sirrin banki daga wata wayar daban.

Tambaya: Tunda kamfanoni sun ƙi, me zai hana masoya su haɗa kuɗi ko su gina na gaban da kansu? Daga wani mai karatu, Zangon Kumasi.

Amsa: An gwada, wani ya yi kyau, wani bai yi ba, kuma duka sun rataya ne ga yardar mai suna. Shenmue na Sega ya tsaya a na biyu a 2001. A 2015 Yu Suzuki, wanda ya ƙirƙiri gem ɗin, ya samu izinin Sega, ya buɗe asusu a shafin tara gudummawa na Kickstarter, mutane kusan 69,000 suka tara sama da dala miliyan 6.3. Shenmue III ya fito a 2019, amma kuɗin bai kai ko kusa da abin da aka kashe a na farkon ba, kuma bayan jiran shekara 18 labarin bai ƙare ba. Ka sani kuɗin da aka sa a irin wannan asusu gudummawa ce, in aikin ya rushe ba lallai a mayar maka ba.

Ginin masoya kuma ya danganta da halin kamfani. Valve ya bar wasu masoya suka sake gina Half-Life na farko da sunan Black Mesa, har suna sayar da shi a Steam. Nintendo kuwa ya sa an sauke AM2R, wanda wani masoyi ya kwashe shekaru yana ginawa a kan Metroid II, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa a 2016. Wani lokaci ma ba a san wa za a roƙa ba. Situdiyon Nightdive mai farfaɗo da tsofaffin gem ya nemi ya dawo da No One Lives Forever, ya tarar haƙƙin ya maƙale tsakanin Warner Bros., Activision da Fox, an rasa wanda zai tono tsofaffin takardu ya tabbatar nasa ne, maganar ta mutu a nan.

Hanyar da ta fi aiki biyu ce. Ko dai ƙaramin situdiyo ya je wa mai suna da samfuri a hannu, kamar yadda aka yi Streets of Rage 4 ya fito a 2020, shekara 26 bayan na uku. Ko kuma kamfani ya gwada kasuwa da sabunta tsohon: Crash Bandicoot na sabuntawa ya fito a 2017, ya sayar da sama da kwafi miliyan 10, sai ga Crash 4 a 2020. Sa hannu a takardar koke a intanet ba ya shiga wannan lissafi, sayen kwafi na halal yana shiga.

Tambaya: Idan kamfani ya sanar da na gaba, ta yaya zan gane da gaske yana tafe? Daga wani mai karatu, Jos.

Amsa: Duba abin da aka nuna maka. In tambari ne kawai da kiɗa, akwai sauran shekaru. Bethesda ya sanar da The Elder Scrolls VI a 2018 da bidiyon da bai kai minti ɗaya ba, alhali ma'aikatansa Starfield suke ginawa, wanda sai 2023 ya fito. Nintendo ya nuna tambarin Metroid Prime 4 a 2017, a Janairun 2019 ya fito ya ce an rushe aikin an sake shi daga tushe a hannun Retro Studios.

Alamomin ciwo guda biyu ne manya. Sauya inji, wato manhajar da ake gina gem a kanta, a tsakiyar aiki, don yana tilasta a sake gina yawancin abin da aka yi: Duke Nukem Forever da aka sanar a 1997 ya bar injin Quake II ya koma Unreal a 1998, bai fito ba sai 2011, a hannun wani kamfanin daban, kuma bai yi daɗi ba. Sai tafiyar jagoran aiki: Beyond Good & Evil 2 an fara nuna shi a 2008, aka sake sanar da shi a 2017, mai shi Michel Ancel ya bar Ubisoft a 2020.

Alamun lafiya kuwa su ne a nuna mutum yana bugawa na tsawon mintuna ba tare da yanke-yanke ba, a faɗi rana da wata ba shekara kawai ba, a faɗi na'urorin da zai hau, sannan hukumomin tantance shekarun masu bugawa irin su ESRB a Amurka da PEGI a Turai su fitar da matakinsa, don sai aiki ya kusa kammala ake kai musu. Kafin ka ga waɗannan, kada ka biya kuɗin ajiye kwafi, kada kuma ka sayi sabuwar na'ura saboda gem ɗaya da ba a sa wa rana ba.